Daga Zongon Lome Zuwa Dajin Doka

Duk wanda ya san Zongon Lome ya san unguwar bakin hanya ce. Tun shekarar 1977, lokacin da hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni ta mayar da iyayenmu wajen Agoe da Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da gari, babban titin da ya taso daga bakin teku ya nufi iyakar Burkina Faso ya zama ƙofar gidanmu. Ta kansa shanu suke sauko mana, ta kansa albasa take zuwa, kuma ta kansa buhunan gawayi da ƙunshin sassaƙe da saiwoyi suke isowa. Uwargida ta san kuɗin gawayi, maigida ya san wurin mai magani, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san dajin da waɗannan kaya suke fitowa. To, bari mu bi titin mu gani.

Kafin mu tashi, mu tsaya gaban tabarmar mai magani. Ga ɓawon maɗaci, wanda ɗacinsa ya ba shi suna. Ga saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna. Ga kawo, ga madobiya mai jan ƙaro. Kakanninmu fatake ne suka zo da waɗannan sunaye daga ƙasar Hausa, kuma har wani likita Bature, Dalziel, ya tattara su a littafi a 1916. Su kuwa masana tsirrai, tun daga Linnaeus a 1753, suna ba kowane itace suna biyu na Latin, na farko na dangi, na biyu na kansa. Maɗaci a wurinsu Khaya senegalensis ne, kawo Afzelia africana, madobiya kuma Pterocarpus erinaceus. Amfanin wannan tsari shi ne, Bahaushe da Kotokoli da mutumin Sin za su tabbatar itace ɗaya suke nufi. A Jami'ar Lome akwai ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake gwada sabon samfuri da tsohon, kuma a 1984 aka buga littafin tsirran ƙasar Togo.

Lome na bakin teku, amma ruwan samanta bai cika kai milimita 1,000 a shekara ba, shi ya sa muke ganin kuka a nan kamar muna arewa. Idan mota ta wuce Tsevie da Notse, ta hau tuddan Atakpame, ta bar Blitta, sai ƙasa ta sake kama. Tsakanin Sotouboua da Sokode, yamma da titi, duwatsun Fazao suke. A can ne gandun dajin Fazao-Malfakassa yake, mai faɗin hekta kusan 192,000, wanda aka kafa a 1975. Itacen da ya fi yawa a sassan dajin da dama shi ne doka, mai jan tofo idan damina ta gabato. Abin sha'awa, da masanan lambun Kew na Ingila suka zo raɗa masa suna, sai suka riƙe na Hausa, suka ce Isoberlinia doka. Kusa da shi kuma akwai wani itace mai ɗauke da sunan ƙasar nan, Uapaca togoensis.

A ƙarƙashin waɗannan itatuwa akwai wata halitta da ba mu cika lura da ita ba, wato naman kaza, wanda wasunmu suke kira laimar kwaɗi. Abin da muke gani ya ɓullo bayan ruwa 'ya'yansa ne kawai. Ainihin jikinsa zare ne siriri da ke shimfiɗe cikin ƙasa. Wasu irinsa suna naɗe bakin saiwar doka da ta kawo, suna jawo wa itacen ruwa da sinadaran ƙasa, shi kuma yana ba su sukarin da ganyensa ya haɗa. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Wani iri kuma, Termitomyces, gara ce take noma shi a cikin suri. Mutanen yankin suna cin ire-ire da yawa, har mata suna kawo su kasuwa da damina. Sai dai mu ja kunnen yaranmu: akwai masu dafi da suka yi kama da na ci, don haka wanda bai san iri ba kada ya ɗanɗana.

Har kwanan baya, wasu daga cikin waɗannan halittu ba su da suna a littafin kowa. A 2014 ne masana daga Jami'ar Lome, Maba da Guelly, tare da abokan aikinsu na Benin da Jamus, suka bayyana sababbin ire-ire daga wannan daji. Ɗaya suka sa masa Lactifluus fazaoensis, wato ɗan Fazao, daga dangin da ke fitar da ruwa kamar nono idan an tsaga su. Irin wannan ba ya rayuwa sai da itacensa, kuma ba a san hanyar noma shi a gona ba. Ranar da aka sare dokar, shi ma ya tafi, wataƙila tun kafin a san amfaninsa.

Saran kuwa ana yin sa. Madobiya ce ta fi shan wahala, saboda masu kujeru da gadaje na ƙasar Sin suna son jan katakonta, kuma gungumenta ya yi ta bin wannan titi zuwa tashar jiragen ruwan Lome. A 2016 gwamnatin Togo ta sanya dokar hana sararta da fitar da ita ta shekara 10. A 2017 ta shiga jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin halittun da ake jin tsoron ƙarewarsu, sannan a taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo. Amma yarjejeniyar kan iyaka take tsaro, ba ta leƙa murhun uwargida, ba ta zama a tabarmar mai magani. Gawayin da ya fi daɗewa yana ci daga itatuwa masu nauyi yake fitowa, irin su ƙirya da marke da kaɗanya, kuma su ne masu jinkirin girma.

Saboda haka akwai rabon da ya faɗo kanmu, mu mutanen Zongo. Mai sassaƙe ya ɗebi ɓawo ta gefe ɗaya, domin maɗacin da aka zagaye shi da wuƙa bushewa yake yi. Mai tonon sanya ya bar wasu saiwoyi ya mayar da ƙasa. Mai saye ya sayi gwargwadon jiƙon da zai yi, kada ya tara abin da zai ruɓe a ɗaki. Gidan da ke da hali ya koma ga gas ko murhu mai tsimin gawayi. Ranar 1 ga Yuni, ranar dashen itace a Togo tun 1977, mu nemi maɗaci ko kawo mu dasa a makarantunmu da bakin lungunanmu. Yaranmu kuma mu koya musu sunayen nan na Hausa tun suna ƙanana, ko Allah ya sa a cikinsu a sami wanda zai shiga jami'a ya ɗora daga inda masana suka tsaya.