Mole da Larabanga: Giwaye a Ƙasar Gwanja

Duk Bahaushen da ya tashi yana jin labarin fataucin goro ya san sunan Gwanja, ko da bai san inda take a taswira ba. To tana arewacin Ghana, kuma a cikinta ne gandun dajin Mole yake, wanda ya fi kowane gandu girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. Abin mamaki, a zangunan Accra da Kumasi za ka tarar da dattijon da ya yi aikin hajji sau uku amma bai taɓa taka Mole ba, alhali Turawa na biyan kuɗin jirgi daga Jamus da Holan don su kwana biyu kacal a can.

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. Ka isa Tamale, ko a jirgi ko a babbar mota, sai ka nufi yamma ta Damongo, tafiyar kamar awa uku a kan kwalta. Lokacin zuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ƙoramu suka ƙafe, ƙishirwa ta koro namun daji zuwa 'yan tafkunan da suka rage. Da damina daji ya yi kyau, amma duhuwa za ta ɓoye maka rabin abin da ka zo gani.

Abin da ya bambanta Mole da manyan gandayen Kenya da Tanzaniya shi ne a nan da ƙafa ake shiga. Da sassafe, ko da la'asar, jami'in gandu zai rataya bindiga ya wuce gaba, ku bi shi a layi ku gangara daga tudun da masaukin baƙi yake zuwa bakin ruwa. Ba a shiga da silifa, sai takalmi rufaffe. Ganin giwa ta tagar mota daban, tsayawa a ƙasa ɗaya da ita daban. Kana jin ƙarar reshe idan ta karya shi, kana jin warin taɓon da ta shafe jikinta da shi. Idan jami'in ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak, kuma wannan ba wurin gardama ba ne. Akwai mariya da gwambaza da mazo, akwai kada a cikin ruwa, ga tsuntsaye sama da iri 300. Gadu kuwa har bakin ɗakunan kwana yake kiwo, durƙushe a kan gwiwoyinsa na gaba. Gwaggon biri shi ne ɓarawon wurin: ka bar burodi a tebur ka juya baya, sai dai labari. Wanda ya zo don zaki, gara ya sauke buri tun daga gida.

Dajin nan ba haka kawai ya zama babu kowa ba. An keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971, kuma sai da aka tayar da ƙauyukan da ke ciki. Jikokin waɗancan mutane suna nan a gefen gandun. Farautar da kakanninsu suka rayu a kanta yanzu laifi ce, giwar da baƙo ke ɗauka hoto kuwa ita ce ke iya shiga gonar doya ko rogo ta gama da wahalar shekara a dare ɗaya. Shi ya sa nake ganin bai kamata mutum ya kashe kuɗinsa duka a cikin gandu ya fice ba. A ƙauyen Mognori, alal misali, mutanen gari ne da kansu ke tuƙa baƙi a kwale-kwale a kan kogin Mole, kuma abin da aka biya a garin yake zama.

'Yan kilomitoci daga ƙofar gandun ne garin Larabanga yake, da masallacinsa na ƙasa. Ƙarami ne ƙwarai, bai fi kamar mita 8 a kowane ɓangare ba, an shafe shi da farar ƙasa, ga itatuwa sun huda bangon sun leƙo waje, ga hasumiya biyu masu tsini, ga tsohuwar kuka a jikinsa. Mutanen garin na cewa wani falke mai suna Ayuba ne ya kafa shi a 1421, bayan ya kwana a wurin ya yi mafarki. Wasu masana tarihi sun fi karkata ga ƙarni na 17. Ko wanne ne, har yau ana salla a ciki, kuma a nan Musulmi ke da wata dama da sauran baƙi ba su da ita: su a waje suke tsayawa, kai kuwa ka yi alwala ka sunkuya ta gajeriyar ƙofar ka shiga.

A shekarun 1970 an yi wa ginin gatan da ya kusa kashe shi. An yaɓe shi da siminti don ya huta da gyaran kowace shekara, simintin ya tsare danshi a cikin bango, gara ta cinye itatuwan, har wani sashe ya rufta. Sai bayan 2002, da taimakon wata ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta Amurka, aka kankare simintin aka koma yaɓen ƙasa irin na da. Duk wanda ya san abin da ya sami tsofaffin sorayen Kano da Zariya ba zai ji wannan labari baƙo ba. Samari za su tare ka da littafin gudummawa tun kafin ka sauko daga mota, wasu da naci. Ka nemi a kai ka wurin dattawan masallacin, ka gaishe su, ka bayar a hannunsu.

Salaga, kasuwar da ayarin Kano da Katsina ke sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro, ba ta kan wannan hanya. Sai ka koma Tamale ka yi kudu maso gabas. Rijiyoyinta na da suna nan, haka ma filin da aka riƙa sayar da bayi, don ba goro kaɗai fataken suka yi ciniki ba. A ware mata yini guda.