Wuƙar Aljihu: Araha Ba Ta Ado

Mu malaman makaranta ba mu rabuwa da 'yar wuƙa a aljihu. Da ita muke fiƙe fensirin yara, mu yanke igiya, mu ɓare lemo. Bara muka sayi wata mai araha a kasuwa. Ran nan muna feren rake a gida, sai ta rufe mana a kan yatsa. Mako biyu ba mu iya riƙe alli ba!

Tun daga ranar, abu uku muke dubawa. Na fari, in an buɗe ta, ta tsaya daram. Opinel ta Faransa tana da zobe a wuya. Tun 1955 suke sa shi. In an murɗa zoben, ba ta rufewa. Na biyu, nauyi: mai mariƙin itace ba ta yaga aljihu. Na uku, ƙarfe: baƙin ƙarfe ya fi saurin wasuwa, amma yakan yi tsatsa da damina, sai ana shafa masa mai.

Iyaye, a lura. Da a hannun ɗanmu ta rufe fa?