Mai Riƙon Sanda a Uwani

Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a Uwani ta birnin Inugu, muka ga wani dattijo makaho, wani yaro da bai wuce shekara tara ba yana riƙe da kan sandarsa. Muka miƙa sadaka, ya yi mana addu'a da Katsinanci tsantsa. Da muka tambaye shi abin da ya raba shi da gida, sai ya ce, "Malam, a gida kunya ba ta barina in roƙa. Nan kuwa baƙo ne ni."

Mun daɗe muna rubuce-rubuce a kan irinsa. Mun sha kafa hujja da dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika tun 2024. To amma taron ƙarshe da muka yi jawabi a kan dokar, a saman bene aka yi shi, ba gangaren keke. Gurgu ɗaya da aka gayyata, cicciɓarsa aka yi kamar buhun gero muna kallo. Muka hau mumbari muka yi ta magana da yawunsa, ba wanda ya miƙa masa lasifika. Mu ma ba mu miƙa ba. Alhali tun da can Hausawa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Ko ba komai, da bakinsu suke faɗin kukansu a fada.

Sai dai yaron ne ya fi tsaya mana a rai. Jikansa ne. Idanunsa garau, amma makantar kakansa ta rufe masa ƙofar aji. Muka yi ƙarfin hali muka ce za mu ɗauki nauyin karatunsa.

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam. In ya tafi makaranta, wa zai riƙe mini sandar?"

Muka lalubi amsa cikin duk takardun da muka taɓa gabatarwa, ba mu samu ba. Muka ƙara masa sadaka, muka nufi tashar motar Anacha.