Daga Doma Zuwa Duwatsun Shere: Gudu A Cikin Ɗari

Mutumin Doma, idan ya ce ana ɗari, nufinsa ya ja mayafi da asuba, kafin hantsi kuwa ya koma neman inuwa. Garin Andoma, babban sarkin Alago, yana cikin kwarin Binuwai ne, ƙasar doya da riɗi da shinkafa, inda hunturu kan zo da hazo da tsagewar leɓe, amma jaurarsa ba ta da ƙarfi. Daga nan na tashi a cikin watan Janairu tare da ɗan ƙanwata, saurayi mai sha'awar gudun dogon zango, wanda ya ƙare hanyoyin gonakin Doma da sassarfa, har ya ga ba abin da ya rage masa sai dutse.

Muka bi ta Lafiya, muka wuce duwatsun Eggon, muka ratsa Akwanga, sa'an nan muka doshi Hawan Kibo, inda manyan motoci ke nishi kamar jakin da aka cika wa kaya. Kafin 1996 Doma da Jos a cikin jiha ɗaya suke, watau Filato, sai da aka yanke Nasarawa. Tun daga wannan hawa iska ta sake. Masana sun ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Birnin Jos kuwa yana bisa mita 1,200 da 'yan kai, ƙololuwar Shere da ke gabas da shi ta kai mita 1,829. Saboda tudu da sanyin iska ne ƙasar Filato, musamman Pankshin, ta yi suna wajen fid da gwanayen gudun nesa.

Bayan sallar asuba muka isa gindin dutsen. Yaron nan ya tuɓe sai 'yar shara da gajeren wando, yadda ya saba a gida. Na ce masa ya ɗauki rigar sanyi, ya ce, "Kawu, ai gudu shi ne wutar mai gudu." Ya hau kamar barewa. Da ya kai sama ya tsaya hutawa, gumi ya jiƙe rigar sharkaf, iska kuma tana kaɗawa ba abin da ya tare ta. Ko da na iske shi, haƙora na karo, yatsu sun ƙi ɗaura igiyar takalmi, magana ma da ƙyar. Na cire masa jiƙaƙƙiyar rigar, na lulluɓe shi da tawa, na ba shi shayi mai zafi, muka sauko sannu.

To, mai karatu, wannan fa a ƙasar da ba a taɓa share dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa ba ke nan. Ina ga inda dutse kan yi fari fat? A Ingila akwai tseren da ake kira Spine, wanda aka fara a 2012. Cikin Janairu ake yinsa, a bi kan tsaunukan Pennine har a shiga Sikotilan, tafiyar kilomita 431, cikin dusar ƙanƙara da dogon dare. A 2019 wata likitar dabbobi, Jasmin Paris, ta riga maza da mata duka, ta gama cikin awa 83 da minti 12, alhali tana shayar da goyo. A can ba a barin kowa ya tashi sai an duba jakarsa an ga rigar ruwa da fitila da guzuri da abin kwanciya. Inda ƙasa ta daskare kuma sukan ɗaura wa takalma ƙusoshi don kada santsi ya kwashe su.

Abin da sakaci ke jawowa an gan shi a lardin Gansu na ƙasar Sin ran 22 ga Mayu, 2021. Mutum 172 suka shiga tseren kilomita 100 a kan tsauni, da yawansu da ƙananan tufafi. Ƙanƙara da ruwa da guguwa suka rufe su, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya, har da zakarun ƙasar. Wani makiyayi ne ya ceci shida, ya shigar da su kogo ya hura musu wuta. Likitoci sun ce da zarar ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, hankali kan fara gushewa, mutum ya kasa gane yana cikin haɗari. Jiƙa da iska su ne ke gaggauta wannan, ko da babu ƙanƙara.

Saboda haka samarinmu na kwari masu haramar hawa tudu, ku tafi da busasshiyar riga a ɗaure a ƙugu, ku ci abinci kafin ku fita, kada ku hau ku kaɗai, kada kuma ku zauna a sama da jiƙaƙƙen jiki. Ɗan ƙanwata ya sake hawa Shere bayan kwana biyu, rigar sanyi a ƙugunsa, ba wanda ya tuna masa. Da muka komo Doma ana ta kukan ɗari, shi kuwa sai murmushi yake yi. Allah ya kiyashe mu, amin.