Tsohon Ma'aikacin Jirgi a Ƙasar Samna

Babu jirgin fasinja da ke sauka a Dogondutsi, amma maganar jirgi ce ta kai ni can. Wani abokin aikina a Yamai ya ba ni labarin wani dattijo a ƙasar Tibiri wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana hidimar fasinjoji a jiragen Air Afrique. Ya ce in dai rigimar ma'aikatan jirgi da sandikarsu, wato ƙungiyarsu ta ƙwadago, nake son ji, to in je tun dattijon yana da ƙarfin hira.

Na bi babbar hanyar ƙasa, muka wuce Dosso, muka isa Dogondutsi da la'asar, dutsen Tozon Bijini yana tsaye bisa garin. Can na kwana wurin wanda zai raka ni. Da safe muka je tasha, inda buhunan dankalin turawa ke jiran motar Yamai. 'Yan sandikar direbobi na zaune da littafinsu. Mota ba ta lodi sai layinta ya zo, kuma ban ga direban da ya yi gardama ba. Muka komo baya zuwa Kore Mairuwa, muka saki kwalta muka gangara kudu cikin Dallol Mawri, gawo nan da can a gonakin hatsi. Tibiri garin Samna ne, wato sarkin ƙasar, kuma a 2011 aka cire shi daga Dogondutsi ya zama gunduma mai zaman kanta.

A zaure muka sami dattijon, rediyo a gefen tabarma.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in sa sunansa a jarida. Daga nan ya ɗauko labarin tun daga tushe, kamar mai karanta asalin gidansu. A watan Maris na 1961 ƙasashe 11, har da Nijar, suka sa hannu a Yawunde suka kafa kamfanin Air Afrique, hedkwatarsa a Abijan. Kamaru ta fice a 1971, Gabon ta bi ta daga baya, Togo da Mali kuma suka shigo. Kowace ƙasa na da kasonta na ma'aikata, ta nan ne ɗan Arewa irinsa ya tsinci kansa tsakanin Dakar da Paris da Jidda, yana nuna wa alhazai yadda ake ɗaura ɗamarar kujera.

Inda ya fi daɗewa shi ne 1984. A shekarar matuƙan jiragen, da yawansu Faransawa, suka shiga yajin aiki. Shugaban kamfanin na lokacin, Aoussou Koffi, bai lallashe su ba: aka sallame su, aka ɗauko matuƙa daga Yugoslabiya, shari'a ta yi ta yawo tsakanin kotunan Abijan da na Faransa. Na tambaye shi ina ya tsaya. Ya ce shi da abokansa sun ci gaba da aiki, kuma a lokacin ko a jikinsu. Matuƙan ba su taɓa ɗaukarsu abokan tafiya ba, albashinsu ma ba kusa ba, to don me zai bar tuwonsa saboda su? Sai da aka daɗe, in ji shi, ya gane abin da kamfanin ya koya a shekarar: ana iya kawar da rukuni guda na ma'aikata, jirgi kuma ya tashi, muddin sauran sun yi shiru.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1989 aka damƙa kamfanin ga Bafaranshe Yves Roland-Billecart, ya rage ma'aikata masu yawa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin da ake biya da dala ya ninka. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jiragen Airbus 4. A 2001 aka kawo Ba'amurke Jeffrey Erickson, tsohon shugaban TWA, da goyon bayan Bankin Duniya. Ya tarar da ma'aikata sama da 4,000 a kan jiragen da ba su kai 10 ba, ya ce sai an rage kusan rabi. Ma'aikata suka tashi tsaye, aka yi bore, amma a 2002 kotu a Abijan ta rufe kamfanin.

A ganina ba a yi wa gaskiya adalci ba in aka ɗora komai kan shugabanni. Gwamnatocin da suka mallaki kamfanin su ne kan gaba wajen hawa jirgi bashi da cusa 'yan uwa aiki, sandika kuma ba ta ɗaga murya kan wannan kamar yadda ta ɗaga kan kora ba. Da na faɗi haka, dattijon bai musa ba. Kukansa dabam ne. Ya ce ranar da aka rufe, kowa ya koma ƙasarsa yana bin hakkinsa a ƙarƙashin dokar ƙasarsa. Masu aikin ƙasa, masu lodin kaya da tura tsani, a wasu birane sun samu inda suka raɓe, tunda jiragen wasu kamfanoni na ci gaba da sauka. Mai aikin cikin jirgi kuwa, in babu jirgi, ina zai tsaya? Manyan ƙungiyoyin ƙwadago na gida, a cewarsa, hankalinsu na kan bashin albashin malamai da ma'aikatan gwamnati, kuma a shekarun ne ma USTN ta dare, CDTN ta fito daga cikinta.

Na ba shi labarin Ingila, don ya ji ba a Afirka kaɗai ake haka ba. A ƙarshen 2009 British Airways ta rage adadin ma'aikata a jiragenta masu dogon zango. Ƙungiyar Unite ta kira yajin kwana 12 a lokacin Kirsimeti, kotu ta hana saboda an ƙirga ƙuri'un waɗanda suka riga suka karɓi sallama. A 2010 aka yi yajin, jimilla kwana 22. Shugaban kamfanin, Willie Walsh, ya ƙwace rangwamen tikitin duk wanda ya shiga, ya kuma horar da 'yan sa kai daga wasu sassa su maye gurbinsu, cikinsu har da matuƙa, ƙungiyar matuƙan kuwa ta ce ita ba ta tare da kowa. Sai a 2011 aka sasanta. Dattijon ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ashe matuƙa sun rama a Landan.

Ni kuma na kawo misalin Satumban 2022, lokacin da masu ba jirage hanya na hukumar ASECNA suka ajiye aiki tare a ƙasashe da dama, har da Nijar. Duk da umarnin kotuna, zirga-zirga ta rikice daga Dakar har Duwala, washegari aka dakatar da yajin don a zauna teburin shawara. Na ce masa ga amfanin murya ɗaya a ƙasashe da yawa, abin da su suka rasa.

"A'a, ɗana, ba nan take ba," in ji shi. "Mu, cikin 'yan makonni ake koya wa wani aikinmu a sa masa riga. Su kuwa je ka makarantar EAMAC nan Yamai, ka tambayi shekara nawa yaro ke yi kafin a bar shi ya yi magana da jirgi."