Bayan zaure akwai mutane

Ƴan'uwa mata, duk wadda ta taɓa shiga Birni a Damagaram ta san abin da ke jawo baƙi: fadar Sarki, lungunan da suka ratsa tsakanin duwatsu, da gidajen ƙasa masu zane a fuska. Garin ne babban birnin Nijar har 1926, kafin a koma Yamai. Mu ma da muka je daga Matamaye, sai da muka saki baki muna kallo.

Amma fa bayan zaure akwai mutane. Akwai matar da ke share tsakar gida, akwai maigidan da ke neman kuɗin yaɓe kafin damina. Baƙo ya ɗauki hoto, ya sallami ɗan rakiya, ya wuce. Masu gidan fa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. In wani ya gaji ya rushe ya sa siminti da kwano, wa zai ga laifinsa?

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Sin, ƴan ƙabilar Hakka na da manyan gidajen ƙasa da dangi guda ke zaune ciki. A 2008 hukumar UNESCO ta sa irin gidajen nan 46 cikin kayan tarihin duniya. Baƙi suka cika, sai rabon kuɗin shiga ya zama abin jayayya tsakanin mazauna da masu kula da wurin. Agadas kuwa ta samu wannan matsayi a 2013, lokacin da rashin tsaro ya riga ya kori Turawa masu yawon buɗe ido. Maƙera da dukawa sun ji a jikinsu.

To mu Mata Masu Dubara, tun da aka soma tsarin nan a yankin Maraɗi a 1991, dokarmu ɗaya ce: a gaban kowa ake buɗe akwati a ƙirga. Haka ya kamata kuɗin baƙi su zama. A nemi izinin matar gida kafin hoto, a ware wani abu don yaɓe, saura a raba da sanin kowa.

Sannan kar mu jingina da baƙon nesa kaɗai. Ƴan kallon hawan salla daga Daura da Kano ma suna sayen tabarma, faifai da ƙuliƙuli. A zama na gaba, kowace ƙungiya ta zo da amsa: me za mu nuna wa baƙo, me kuma za mu bari a ɗaka?