Fitila shida da famfon tsotsar dalma

A École Normale Kaocen ta Tahoua an koya mana shirya darasi da riƙon aji, amma babu wanda ya ce mana wata rana fitilar ɗalibi za ta zama matsalarmu. Ina koyar da ƴan CM2 a wani ƙauye wajen Barmu, inda babu kuran. Yara suna bitar karatu da dare da ƴan fitilu masu cajin hasken rana, yawanci iyayensu maza ne suka aiko daga Abijan, wajen bida. Idan fitila ta mutu, nakan gane tun kafin a faɗa mini: kayen yaron ne ke zuwa babu aikin gida.

Bara na tara shida a jaka na kawo Tahoua ranar hutu. Biyar makunni ne kawai ya lalace, ƙura ta cinye shi. Na ce abu mai sauƙi. Na ari ƙarfen narkar da dalma, na buɗe ta farko, na ɗora zafi, na ja makunnin da filaya. Ya fito kuwa, amma tare da siririn jan ƙarfen da ke shimfiɗe a kan allon, wanda shi ne hanyar wutar. Fitilar wata yarinya marainiya ce. Na kashe ta da hannuna.

Washegari na tafi babbar kasuwa wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Ya juya allon, ya dube ni.

"Mushe, cirewa ka yi ko fizga?"

"Baba, dalmar ce ta ƙi saki."

"Ba ta saki. Kwashe ta ake yi."

Ya nuna mini abu biyu. Na farko famfo ne kamar babban sirinji, da sifirin a ciki. Ka danna sandarsa ta maƙale, ka narkar da dalmar, ka ɗaga ƙarfen, nan take ka kafa bakin famfon ka taɓa maɓalli, sai ya zuƙe ta. Na biyu kitson siraran wayoyin jan ƙarfe ne, ana shimfiɗa shi a kan dalmar a danna da ƙarfe mai zafi, ya sha ta kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Kitson ya fi kyau ga ƙananan abubuwa irin na cikin salula, amma yana ƙarewa, kowane yanki sau ɗaya ne. Makunnin fitila ƙafafunsa sun ratsa huji, nan famfo ya fi. Kuma albashin malami ya fi son abin da ake saya sau ɗaya.

Wajen zaɓe na ga bambancin mai sana'a da mai karambani. Ni launi nake kallo. Shi ya toshe bakin kowane famfo da ɗan yatsa, ya saki sifirin. Wanda sandarsa ta koma da sauri ya ajiye gefe, wai iska na shiga. Wanda ya kama fatar yatsansa, shi ya miƙo mini. Ya ce in tabbata farin bakin ba ya narkewa kuma ana iya kwance shi a zubar da abin da ya taru.

Dabarar da ta fi ba ni mamaki ita ce ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwa kafin a tsotse. Daga baya na gane dalili. Tsohon haɗin kuza da dalma yana narkewa wajen digiri 183, amma tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a kayan lantarki, masana'antu da yawa suka koma haɗin da sai ya kai wajen 217. Shi ya sa na daɗe ina gasa allon har ya saɓule. Sabuwar takan gauraya da tsohuwa, su narke tare cikin daƙiƙa biyu ko uku.

Iyaye, ga inda ba na wasa. Ɓurɓushin da ke fita daga famfon yana ƙyalli, yaro zai so ya sa a baki. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Ina aiki a waje, ina tara ɓurɓushin a kwalba mai murfi, in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa tuwo.

Huɗu suka tashi a daren nan. Ta shida batirinta ne ya mutu, ba aikin famfo ba. Ta yarinyar kuwa tsohon ya ɗinke hanyar da na yage da ɗan guntun waya, ya ƙi karɓar ko dala. Ran Litinin na miƙa mata, na gaya mata gaban aji cewa ni na ɓata ta, wani ya gyara. Ta kunna, ta kashe, ta sake kunnawa, sannan ta tura ta cikin jakarta.